Ruwan Kwata da Rijiyar Liman Ummaru

Jibiya,
12 ga Yuni, 2001

Zuwa ga taubashina Uwaisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya Zariya? Ni lafiyata lau, ban da murar da ruwan farko ya bar mini. Inna Rebeka ta aiko daga Ƙafur, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa coci da kanta. Ta ce in tuna maka kakarka da kakana nono ɗaya suka sha, saboda haka ka daina yi mana rowar takarda.

Kada kanka ya kumbura, ba zumunci kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Tambaya ce da ni. An ce Shari'a kake karantawa, to yau zan ga ko da gaske ne.

Ka san halina tun muna yara, in aka yi ruwa sai na bi shi na ga inda ya nufa, Inna ta sha zane ni a kan haka. Ga shi yanzu an ɗauke ni aikin duba-gari, abin da ake dukana saboda shi ya zama sana'a. Shekaranjiya aka sheƙa ruwa, na tattare zane na fita. Duk ruwan garin nan gulbi yake gangarawa, gulbin kuma ya miƙe ya shige Nijar, ba kwastan da ke tsayar da shi. Wani direban Maraɗi ya ce mini, "Abin da kunka zubar nan, mu muke wanka da shi can." Na daɗe ina juya maganar nan a raina.

A unguwar gangare akwai wani masallaci da rijiya a gefensa. Mahaifin Liman Ummaru ne ya haƙa ta sadaka. Nan ake alwala, nan matan unguwa suke ɗiban na sha. Da idona na ga ruwan kwata yana malalowa yana taruwa a gindinta, jajawur, maiƙo yana yawo a samansa. Bakin rijiyar ya tsage ta gefe ɗaya, ruwan yana zurarawa ciki a hankali. Ban samu na bi shi sama na ga mafarinsa ba, ya ɗauke kafin in gama kallo.

A aikinmu, in rijiya ta gurɓata, jan fenti muke ɗauka mu ja mata layi biyu a gicciye, a rufe ta. To duba mini hoton nan: Asabe 'yar coci ta je rijiyar masallaci da rana tsaka ta zana kuros, a shekarar nan. Na gaya wa maigidanmu a ofis, ya ce in yi abin da na ga ya dace, wato kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a bara Inna take cewa in nemi canji in dawo gida, ni kuwa garin ya kwanta mini, ba na son barinsa. In na ƙyale rijiyar, mutane suna sha. In na zana mata alama, zamana a Jibiya ya ƙare. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

To malam, me littattafanku suka ce a kan ruwan kwata in ya shiga rijiya? Ina so in sani ko akwai ƙofar da zan bi.

Uwar ɗakinka,
Asabe

Zariya,
24 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Asabe sarauniyar shara,

Bayan dubun gaisuwa, takardarki ta same ni lafiya. Na yi murna da sauƙin ƙafar Inna Rebeka, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma ƙalau nake, sai dai idona da ke ɗan ruwa saboda ƙananan rubutu. Batun uwar ɗaki kuwa, ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara a kaina ba.

Tambayarki ba ta da wuya, kin kuma kawo ta inda ya dace. Ɗakin da nake haya a bayan kwata yake, mahauta su ne maƙwabtana. Wannan jan ruwan mai maiƙo na san shi kamar yunwar cikina, kullum sai na tsallake shi kafin in je makaranta. Jinin da ya kwarara wajen yanka najasa ne, haka abin da ake wankewa daga tumbi da hanji in ya cakuɗa da shi. In ya shiga rijiya har ya canza ruwanta, ba alwala, ba sha, sai an kwashe ta. Babu malamin da zai yi miki gardama a nan.

Ga kuma albishir. Akwai abokin karatuna Faruk, ɗan Jibiya ne, Liman Ummaru baffansa ne. Gobe zai tafi gida hutu. Na gaya masa ya sanar da Liman cewa jinin mahauta yana shiga rijiyarsa, kuma duba-gari ce ta gani da idonta. Kin ga ke ba sai kin buɗe baki ba, balle ki taɓa gwangwanin fenti. Kada ki gode mini, aikin manya ne rufa wa yara asiri.

Ni ma ina da tambaya. Mu a wajenmu ido da hanci da harshe ne alƙalan ruwa. Ku kuma na ji ana cewa ruwa yana iya zama garau alhali da cuta a cikinsa. Yaya kuke ganewa? Maganar direban nan ma ta tsaya mini. Ban taɓa tunanin ko mutum yana da hakkin wanda ke ƙasa da shi a magudana ba, alhali bai san shi ba, ƙasarsu ma ba ɗaya ba. Zan tambayi malaminmu.

Maigidanki,
Uwaisu

Zariya,
15 ga Yuli, 2001

Asabe,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Faruk ya aiko wani direba ya ce mini an yi 'yar hayaniya a kan rijiya, kuma sunanki ya fito a ciki, bai ƙara komai ba. Na tambayi direban wace irin hayaniya, ya ce shi kaya ya ɗauko, ba labari ba.

Na kasa karatu. In wani abu ya same ki, da wane ido zan kalli Inna Rebeka? Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne ina so.

Uwaisu

Jibiya,
22 ga Yuli, 2001

Uwaisu,

Ina gaishe ka don Inna ta koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Lafiyata lau. Zagi ka nema, to gyara zama.

Wace kwata? Ina tambayarka, wace kwata na rubuta maka? Kwata, malam, lambatu, magudanar ruwan titi! Ni 'yar duba-gari in na ce kwata, ai ba ta mahauta nake nufi ba. Jan da na gani jar ƙasa ce da ruwa ya kwaso. Kai da yake hancinka ya saba da warin tumbi, kana ganin ja da maiƙo sai ka yanka sa a cikin wasiƙata.

Bari ka ji abin da taimakonka ya haifa. Faruk ya isar da saƙo yadda ka ba shi. Kafin la'asar duk unguwa ta ɗauka cewa Kirista ta ce naman garin nan ƙazanta ne, har yana ɓata alwala. Kafin washegari maganar ta zama wai na ce yankan Musulmi bai yi ba. Wasu samari masu sa ido kan Shari'a suka zo ofis suna tambayar wa ya ba ni izinin fatawa. Matar da nake haya a gidanta ta daina aiko mini da fura. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Sai ga Sarkin Fawa Kalilu da kansa, ƙato, ya cika ƙofar ofis. Ya ce, "Ke ɗiyar ga, mi munka yi miki? Kin taɓa zuwa kwatarmu?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To tashi." Ya tasa ni a gaba, muka wuce masallacin, muka yi ta gangara har kusa da gulbi, can kwatarsu take. Ya nuna mini masallacin can sama a kan tudu, ya ce, "A makarantarku ruwa hawa yake?" Uwaisu, da ƙasa ta tsage da na shige. Na ce masa kuskuren wani malamin Zariya ne. Ya ce a gaishe ka.

Labari ya kai Ƙafur. Inna ta aiko cewa in tattaro kayana kafin ƙarshen damina, in ba haka ba za ta zo da ƙafarta mai ciwo ta tafi da ni. Maigidanmu a ofis shi ma ya fara maganar a mayar da ni wani gari don zaman lafiya. Rijiya kuwa tana nan a buɗe, yanzu ma ɗiba ake da gayya, don a nuna mini ƙarya na yi.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Duk da haushin da nake ciki, da aka sake ruwa na bi kwatar, tawa ba taka ba, har mafarinta. Tasha ta kai ni. Nan kanikawa suke juye baƙin man manyan motoci a ƙasa. Nan masu sayar da fetur a jarka suke ɗauraye jarkokinsu kafin su ɗora a babur su tsallaka iyaka. Ruwan sama ya wanke duk wannan ya zuba a lambatu. Lambatun kuma an gina shi ne zuwa rabin gangare aka tsaya, bakinsa ya toshe da leda da yashi, sai ruwan ya ɓalle ya nufi inda ya fi kwari, wato gindin rijiya. Maiƙon da na gani ba kitse ba ne, mai ne.

Ka tambaye ni yadda muke gane cuta a ruwa. Akwai na'ura, amma tana Katsina, kuma ba ta taɓa zuwa Jibiya ba. Ni ma ido da hanci gare ni.

To yanzu ka karanta da kyau, ka sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Fetur da baƙin mai in sun shiga rijiya, me littattafanku suka ce? Amsar ni za ka ba, ba Faruk ba.

Asabe

Zariya,
30 ga Yuli, 2001

Zuwa ga uwar ɗakina Asabe,

Kin ga yadda na buɗe takardar, kin san na sauko. Ina gaishe ki, na gode Allah da kike lafiya. Ki yafe mini. Garin neman gira na so in rasa miki ido. Na sake karanta wasiƙarki ta farko, babu mahauci ko ɗaya a cikinta, ni na shigo da su. Na rubuta wa Faruk ya je ya gaya wa Sarkin Fawa da Liman cewa maganar jini daga bakina ta fito, ba naki ba. Wannan kaɗai na ba shi.

Ga amsa, kuma sai da na kai wa malaminmu kafin in rubuta. Abu uku ake dubawa a ruwa: launi, ɗanɗano da wari. In abin da ya canza shi daga mazauninsa ne, kamar laka ko jar ƙasar nan taki, ba komai, ana alwala da shi. In najasa ce ta canza shi, ya tashi daga aiki gaba ɗaya. In kuma abu ne mai tsarki amma baƙo ga ruwa, kamar nono ko mai, to ba a alwala da shi, ba a wankan ibada, amma ana iya wanki da sauran hidimar gida. Fetur ba najasa ba ne a wajenmu, saboda haka nan ya faɗa. Batun sha kuwa, malam ya ce abin da ke cutarwa ba a shansa, amma sanin me ke cutarwa ba aikinsa ba ne, na irinku ne.

Na kai masa maganar direban Maraɗi ma. Ya ce maƙwabci ba sai wanda katanga ta haɗa ku ba. Ya ce zai ƙara dubawa.

Shawara ɗaya, in za ki karɓa daga wanda ya riga ya ɓata. Liman ya san duk wannan tun kafin a haife mu. Kada ki je ki karanta masa. Tambayarsa za ki yi, kamar yadda kika tambaye ni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum mai sani irinsa yana alwala da ruwan nan tun farkon damina, yaya aka yi bai ji warin ba? In kin gano ki gaya mini.

Bawanki na wannan watan kawai,
Uwaisu

Jibiya,
19 ga Agusta, 2001

Zuwa ga taubashina Uwaisu,

Bayan gaisuwa ta gaskiya wannan karon, ina fatan idon ya daina ruwa. Ni ƙalau, murar ma ta tafi. Na yafe maka, amma Sarkin Fawa ya ce duk ranar da ka zo Jibiya ka biya ta wajensa ya nuna maka tudu da gangare.

Tambayarka ta ƙarshe ita ta buɗe mini hanya, ban so in faɗa ba don kada kan ya sake kumbura. Na yi ta tunanin me ya hana su jin warin. Sai wata safiya ina shan ruwa a gidanmu na ji fetur a kofi, alhali namu na famfo ne. Ashe jarkar ce. A garin nan babu jarkar ruwa da ba ta taɓa cin fetur ba, gugan ma na robar taya ne. Kowa ya ji wari sai ya ɗora wa jarka laifi. Wa zai zargi rijiyar sadaka?

Na je kasuwa na sayi sabuwar ƙwarya da sabuwar igiya. Na jira aka yi ruwa, da ya ɗauke na yafa gyale na tafi masallacin, gwangwanin fentina a jaka. Liman yana zaune a kan buzu a ƙofa, tsoho ne siriri, mutane kewaye da shi, har da samarin nan. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Na ce, "Malam, tambaya na zo yi. Ruwan da mai ya canza warinsa, ana alwala da shi?"

Ya ce, "Ba a yi. Amma in jarka kike nufi, ɗiyata, mu a buta muke zubawa daga guga."

Na ce, "A ba ni izini in ɗebo da wannan."

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ce a ba ni hanya. Na zura ta na jawo. Ko kafin ta iso hannuna ana ganin maiƙo yana walƙiya a samanta, kore-kore, shuɗi-shuɗi. Na ajiye a gabansa. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ce a sake ɗebowa, wani daga cikin samarin ya ɗebo da hannunsa. Ya sake shinshinawa, ya taɓa a harshe.

Ya ce, "Tun yaushe ruwan ga ya koma haka?"

Na ce, "Tun ruwan farko na gani, Malam."

Uwaisu, ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa haka ba. Na san ba ni yake kallo ba, sallolin damina yake tunani, nasa da na duk wanda ya bi shi. Tausayinsa ya kama ni har na manta da tsorona. Ya ce, "Ubana ya haƙa ta don a samu tsarki."

Can wani ya ce to ai mata za su iya ci gaba da ɗiban na sha, tunda ba najasa ba ce. Liman ya juyo ya ce, "Ke mi naki karatun ya ce?" Na ce a namu wanke ƙafa da shi ba zai kashe kowa ba, amma sha yana lalata ciki a hankali, yara ya fi yi wa illa. Sai na ga abin ya ba ni mamaki ni kaina: naku ya hana alwala ya bar mana maganar sha, namu ya hana sha bai ce komai a kan alwala ba. Da ɗaya ne kawai, da rijiyar ta tsira ta ɗayar ƙofar.

Liman ya ce in fito da fentin, ya san yana jakata. Na fito da shi. Na ce, "Malam, alamarmu layi biyu ce a gicciye, ni kuwa ba zan zana ta a nan ba." Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Alama don a gane ce. Kawo." Aka ɗora faifan katako a bakin rijiyar. Ya tsoma buroshi ya rubuta da ajami, ba a alwala. Ya miƙo mini, ya karɓi gwangwanin ya riƙe mini da hannunsa, na rubuta a ƙasa da boko, ba a sha.

Ran Juma'a ya yi huɗuba a kan wanda ke zubar da abu a tudu bai san wa ke kwari ba. Ni ban ji da kunnena ba, amma matar gidanmu ta kawo mini labari, tare da fura. Ran Asabar aka yi gayya. Ka san wa ya fara zuwa? Sarkin Fawa da mutanensa, da shebur da kwanduna, wai sai sun wanke sunan kwata ko ta wace iri ce. An kwashe leda da yashi, an ja rami daga bakin lambatun ya kauce wa rijiya, an zuba tsakuwa da yashi a wani gurbi don su tare maiƙo kafin ruwan ya kai gulbi. Kanikawa sun ajiye duro suna tara baƙin mai, masu gini suna zuwa ɗiba don shafa wa katako maganin gara. Masu jarka dai har yanzu muna fama, rabi sun ji, rabi sai sun ga bayana su ɗauraye. Unguwar tana ɗiban ruwa a famfon makaranta, da nisa, matan suna yi mini tsiya a kai kullum.

Rijiya sai damina ta wuce za a kwashe ta, a ɗaga bakinta da siminti, a jira ta sake tsattsafowa. Ban san ko za ta dawo daidai a karon farko ba. Zan kai ruwanta Katsina da kaina a duba.

Inna ta sake aiko cewa ƙarshen damina ya kusa. Don Allah in ka je Ƙafur hutu ka lallashe ta, kai take jin maganarka. Ka gaya mata ba zan iya tahowa yanzu ba. Liman ya faɗa a gaban jama'a cewa ranar da za a ɗaga faifan nan, shi zai fara alwala, ni zan fara sha.

Ka faɗa mata haka daidai, kalma da kalma. Kada ka sa mahauta a ciki.

Taubashiyarka,
Asabe